Soyayyar cikin waya: abin da ke jan matasan Dutsin-Ma da Kurfi zuwa gem ɗin labari, da abin da ke ɓata musu rai

Da zarar an idar da sallar Isha'i, garin Dutsin-Ma kan fara yin tsit. Yanayin tsaro na 'yan shekarun nan ya rage hirar dare a bakin titi, don haka ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita sukan shige ɗaki da wuri, kowa ya rungumi wayarsa. Wani yana TikTok, wani yana buga eFootball ko Free Fire, wata tana bin sabon shafin littafin Hausa a WhatsApp. Akwai kuma waɗanda ba su cika bari a leƙa allon wayarsu ba, domin gem ɗin soyayya suke bugawa.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta shafe mako guda tana bin labari ɗaya a irin wannan manhaja. Ta zaɓa wa jarumar suna, ta zaɓa mata launin fata da kitso, ta raka ta babi bayan babi har aka zo inda saurayin zai faɗi abin da ke ransa. Sai allon ya kawo zaɓi biyu. Na farko shi ne ta tsaya ta saurare shi, amma a gefensa akwai hoton lu'ulu'u da adadin da za a biya. Na biyu kyauta ne: ta ce masa ta gaji, ta juya ta tafi. Lu'ulu'un da ke asusunta bai kai ba, kuɗin da ke hannunta kuma na abincin mako ne.

A wannan gaɓar yawancin ƙorafin masu buga irin waɗannan wasanni yake taruwa. An yi musu alƙawarin cewa su ne za su juya akalar labari, amma idan tafiya ta yi nisa sai su tarar aljihu, da sabis, da cajin batir ne suke yanke hukunci.

Wane irin gem ne wannan?

Gem ɗin labari littafi ne da aka mayar wasa. Ana nuna hoton wuri da na mutanen labarin, rubutu yana fitowa a ƙasan allo, kiɗa yana tashi a hankali, mai wasa yana taɓa allo domin a ci gaba. Lokaci zuwa lokaci sai a dakata a ba shi zaɓi: me za a ce, ina za a je, wa za a bi.

Daga Japan salon ya bunƙasa. A 1994 kamfanin Konami ya fitar da Tokimeki Memorial, inda ɗan makaranta ke neman shawo kan budurwa. A wannan shekarar kuma kamfanin Koei ya fitar da Angelique, wanda wata tawagar mata ta tsara domin mata, kuma shi ake ɗauka a matsayin mafarin rukunin da Japanawa ke kira otome, wato wasannin da jaruma mace ke zaɓar masoyi daga cikin maza da dama.

Zuwan wayar zamani ne ya kawo salon har Katsina. Kamfanin Pocket Gems na Amurka ya fitar da Episode, Pixelberry ya biyo baya da Choices a 2016. A shekarar ce kuma kamfanin Cheritz na Koriya ta Kudu ya fitar da Mystic Messenger. Romance Club ya fito a 2018 daga kamfanin Your Story Interactive na ƙasar Moldoba. A watan Janairun 2024 aka sami Love and Deepspace na kamfanin Papergames da ke Chaina, mai hotuna masu motsi kamar fim. Dukkansu ana sauke su kyauta daga Play Store. Daga baya ake gane inda kuɗin yake.

Abin da masu wasa ke so

Ba abin mamaki ba ne a ce irin wannan wasa ya sami kasuwa a ƙasar Hausa, domin karatun labarin soyayya ya daɗe da zama jiki. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, suna cikin waɗanda suka raya adabin kasuwar Kano. Daga jihar Katsina kuma akwai Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa. Waɗanda iyayensu da yayyensu suka yi hayar waɗannan littattafai su ne yau ke riƙe da Tecno da Infinix da itel. Gem ɗin labari ya zo musu da abin da littafi bai taɓa ba su ba, wato damar sa baki a cikin labarin.

Wanda ya duba sharhin da masu wasa ke rubutawa a ƙarƙashin waɗannan manhajoji zai ga abubuwa kaɗan ne ake ta maimaitawa. Na farko, ana son soyayyar da ke ginuwa a hankali, a ga yadda shaƙuwa ta faro, a ji zullumi kafin a kai ga furuci. Labarin da jarumi ya haɗu da jaruma a babi na ɗaya ya ce ba zai rayu ba sai da ita a babi na biyu ba ya riƙe mutane. Mai karatun Hausa da ya saba da littafi mai kashi uku ko huɗu kafin a ɗaura aure ya fi kowa sanin daɗin jan rai.

Na biyu, ana son jaruma mai kai, wadda za ta iya cewa a'a. Masu wasa sukan ji haushi idan duk zaɓin da aka ba su na rauni ne, ko idan aka tilasta musu yafe wa namijin da ya wulaƙanta jarumar don kawai shi marubuci ya tsara a matsayin gwarzo.

Na uku, ana son masoya masu bambancin hali, kuma kowanne a ba shi haƙƙinsa. Yawancin wasannin suna gabatar da mutum uku ko huɗu, amma sai a ga guda ɗaya ne ke fitowa a kowane babi, sauran sai an laluba. Wanda zuciyarsa ta kwanta da ɗan gefe sai ya ƙare yana kallon labarin wani.

Na huɗu shi ne sirri. Wasan ba ya buƙatar abokin bugawa, ba ya buƙatar a buɗe murya. A wurin da kunya ke da daraja, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga samarin da ba za su so abokai su san sun ajiye ƙwallo sun koma labarin soyayya ba.

Lu'ulu'u, makulli da kofin shayi

Kusan dukkan manyan manhajojin suna aiki da kuɗin cikin gem iri biyu. Ɗaya na buɗe babi ne, ɗaya na sayen zaɓi. A Choices ana buɗe babi da makulli, a Episode da tikiti, a Romance Club da kofin shayi. Ana ba mai wasa kaɗan, idan sun ƙare sai ya jira sa'o'i su sake taruwa ko ya saya. Lu'ulu'u kuwa da shi ake sayen tufafi masu kyau, da keɓewa da masoyi, da wasu bayanan labarin. Kammala babi ko kallon talla yana kawo ɗan kaɗan, alhali zaɓi ɗaya yakan ci ashirin ko fiye.

An tsara abin da gangan. Ba a neman kuɗi a babin farko, lokacin da mutum zai iya goge manhajar ba tare da ya ji komai ba. Sai an bari ya shaƙu da mutanen labarin, sannan a ajiye farashi a daidai wurin da ransa ya fi so. Shi kuma zaɓin kyauta sau da yawa akan rubuta shi ta yadda zai sa mai wasa jin kunya: jaruma ta je biki da tsohuwar riga, ko ta yi shiru ana zagin ta.

Ga mai wasa a Amurka, dala biyu kuɗin kofin gahawa ne. A Najeriya lissafin ya bambanta. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, farashin hukuma bai kai naira 500 kan dala ɗaya ba. A 2024 ya haura 1,500. Idan aka yi lissafi da wannan farashi, dala biyu ta zama naira 3,000, wato kuɗin da ɗalibi zai ci abinci ya kuma hau babur zuwa makaranta. Ko wanda ya yarda zai biya ma ya sha fama, domin tun 2022 bankuna da dama suka taƙaita ko suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka fara dawo da ita.

Love and Deepspace ya ƙara wani salo, wanda ake kira gaca. Mai wasa yana biya ne domin a juya masa ƙuri'a, ko ya sami katin da yake so ko kada ya samu. Apple tun 2017, Google kuma tun 2019, sun wajabta wa kamfanoni su bayyana yiwuwar samun kowane abu a irin wannan ƙuri'a, amma ba kowa ke buɗe shafin ya karanta ba. Wanda ya biya kuɗi domin abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, ya dace ya tsaya ya tambayi kansa da me wannan ya yi kama.

Zaɓin da ba ya canza komai

Ƙorafi na biyu ya fi na kuɗi ciwo, domin yana samun har wanda ya biya. Mutum ya kammala labari, ya sake farawa, ya bi wata hanya daban, sai ya tarar ya dawo daidai inda ya ƙare da farko. Abin da ya sauya bai wuce jimla biyu ko launin riga ba.

Dalilin yana cikin lissafi. A ce labari yana da babi 10, kowane babi yana da zaɓi ɗaya mai rassa biyu da ba sa sake haɗuwa. A ƙarshen babi na farko hanya biyu ce, na biyu huɗu, na uku takwas. Kafin a kai babi na 10 an sami hanyoyi 1,024, kuma kowacce tana buƙatar marubuci, da mai zane, da mai gwaji. Babu kamfanin da ke fitar da babi duk mako da zai iya wannan. Abin da suke yi shi ne su bar labari ya rabu na ɗan lokaci, sannan su haɗe shi a wata mahaɗa, kamar hanyoyin ƙauye da duk suke ɓullowa tasha ɗaya. A bayan fage manhajar tana ƙirga maki: sau nawa aka faranta wa wane, sau nawa aka ɓata masa. Makin ne ke tantance wanda za a ƙare da shi.

Wannan dabara ba laifi ba ce a kanta. Wasanni masu kyau suna amfani da ita, amma suna tuna abin da mai wasa ya yi, su dawo masa da shi daga baya, ya ji cewa maganarsa ta yi tasiri. Ɓacin ran yana zuwa ne idan talla ta ce kowane zaɓi zai sauya ƙaddarar jaruma, a aikace kuma bambancin da ke akwai shi ne tsakanin wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Sabis, caji da ma'adana

Kurfi na kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, kuma mutanen garuruwan biyu sun san abin da ake nufi da rashin sabis fiye da yadda masu tsara waɗannan wasanni za su yi tunani. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari. Sai a watan Disamba aka fara dawo da su. A tsawon wannan lokaci, littafin da aka riga aka sauke a waya ya ci gaba da karantuwa. Gem ɗin da sai ya gaisa da uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfani, kafin ya buɗe babi, ya zama hoto kawai a kan allo.

Ko da sabis yana nan, a ƙauyukan da ke nesa da turken sadarwa yakan yi ta hawa da sauka. Mai wasa ya kashe makulli ya buɗe babi, sabis ya ɗauke a tsakiya, manhaja ta tsaya cik. Ko ya zauna ya kalli tallar bidiyo ta daƙiƙa 30 domin lu'ulu'u ɗaya ko biyu, a daƙiƙar ƙarshe ta maƙale, data ta tafi, ladan bai shigo ba. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowace talla da aka kalla tana da farashin da ake ji a jiki. Wanda yake ganin kyauta yake wasa, da datarsa yake biya.

Sai batun wuta. Wasan da allo ke kunne tsawon sa'a biyu yana shan batir, kuma wanda ke kai wayarsa shagon caji ko yake dogaro da solar maƙwabci yana lissafin kowane kashi. Mystic Messenger ya fi kowanne tsanani ta wannan fuska. Labarinsa yana tafiya ne da agogon gaske na kwana 11, ɗakunan hira suna buɗewa a sa'o'i daban-daban, har da tsakar dare. Wanda ya rasa hira sai ya biya da agogon yashi, wato kuɗin cikin wasan, kafin ya shiga, rasa hira da yawa kuma yana kai mutum ga mummunan ƙarshe. Ɗalibin da ke da lacca da safe, wayarsa kuma ta kwana a wurin mai caji, ba da shi aka tsara wannan wasa ba.

Ma'adanar waya ma tana da nata. Wayar da ke da gigabait 32 ko 64, wadda hotunan biki da bidiyon WhatsApp suka riga suka cinye rabinta, ba za ta ɗauki Love and Deepspace cikin sauƙi ba, domin yana cin gigabait masu yawa kuma yana son waya mai ƙarfi. Ƙananan manhajojin ma suna kumbura a hankali, saboda kowane sabon labari yana sauko da hotunansa da sautinsa.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba. Wasan da ke rayuwa a uwar garke yana iya mutuwa. Storyscape, wanda ya fito a 2019 kuma masu wasa suka yaba da rubutunsa, an rufe shi a farkon 2020, labaransa suka tafi tare da shi. Lu'ulu'un da aka saya a irin wannan manhaja ba dukiya ba ce da za a iya ɗauka a kai wani wuri.

Labarin wasu, da harshen wasu

Babu ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan da ke da Hausa a jerin harsunansa. Ga ɗalibin jami'a Turancin ba matsala ba ne, wasu ma suna ƙaruwa da sababbin kalmomi. Amma ga matashiyar Kurfi da ke karanta littafin Hausa mai shafi ɗari uku cikin kwana biyu, Turancin titunan Amurka mai cike da barkwancin da sai ɗan can zai gane yana rage armashi.

Duniyar labaran ma baƙuwa ce: makarantar sakandaren Amurka, gidan rawa, fadar sarakunan Turai, attajirin da ya ɗauki sakatariya, masu shan jini. Ana iya zaɓar baƙar fata, amma mayafi ko hijabi ba kasafai ake samun su ba, balle atamfa da lalle. Iyaye ba su da wani ƙarfi a labarin. Tambayoyin da suke hana matashin Katsina barci ba sa fitowa ko kaɗan: ko Baba zai amince, ko za a jira a gama karatu, yadda za a haɗa lefe a wannan tsadar, abin da za a yi idan gwajin jini ya nuna AS da AS, ko za a yarda a shiga gidan da akwai uwargida.

Sannan akwai abin da ya shafi tarbiyya. Da yawa daga cikin labaran an yi su ne domin manya, wasu suna da fage na batsa ƙarara, tallace-tallacen da ke fitowa a tsakani kuma wani lokaci sun fi labarin muni. A gidajen da waya ɗaya ke zagayawa tsakanin yaya da ƙanne, ko inda yaro ke karɓar wayar Anti domin ya buga gem, wannan abin dubawa ne. Play Store yana nuna shekarun da suka dace da kowace manhaja a ƙarƙashin sunanta, amma a manhaja irin Episode, inda dubban masu amfani ke rubuta nasu labaran, abin da ke ciki ya bambanta daga labari zuwa labari.

Tarkon gem ɗin da aka fasa

Da yake lu'ulu'u ya yi tsada, da yawa sukan koma ga manhajar da aka fasa, wadda ake cewa tana da lu'ulu'u marar iyaka. Ana samun ta a wasu shafuka, ko aboki ya tura ta Xender, ko a wurin masu tura fina-finai a kasuwa. Matsalar ita ce wanda ya iya buɗe manhaja ya ƙara mata lu'ulu'u, ya iya ƙara mata wani abin. Manhajar da ba ta bi ta Play Store ba babu wanda ya tantance ta. Idan ta nemi izinin karanta saƙonni, ko lambobin waya, ko ikon sarrafa allo, to ta sami hanyar ganin lambar sirrin da banki ke turowa. Wayar da ake buga gem da ita ita ce dai ke ɗauke da OPay ko Moniepoint ko manhajar banki, kuma a cikinta kuɗin makaranta ke sauka. Labarin soyayya ba ya buƙatar karanta saƙon kowa. Ban da wannan, kamfanoni sukan rufe asusun da suka gano yana amfani da fasasshiyar manhaja, duk abin da aka tara ya tafi.

Darasin da ke wurin marubutan Hausa

Abin lura shi ne matasan nan ba ƙin biyan kuɗin labari suke yi ba. Marubutan Hausa na intanet sun daɗe da gano hanyar da ke aiki. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, idan labari ya kama mutane sai ta sanar da farashi, 'yan ɗaruruwan naira, a tura ta banki ko a ba da katin waya, a shiga zauren waɗanda suka biya. Farashi ɗaya ne, an san shi tun farko, kuma wanda ya biya zai karanta har ƙarshe. Ba a tsayar da shi a tsakiyar zance a ce ya ƙaro kuɗi kafin jarumi ya buɗe baki. Masu karatu kuma suna yin sharhi bayan kowane shafi, suna faɗa da juna kan wanda ya dace jaruma ta aura, marubuciya tana gani. Ta wata fuskar, sa bakin da suke yi ya fi na gem ɗin da ke da maɓallin zaɓi.

Kayan aikin da za a haɗa waɗannan duniyoyi biyu suna nan kyauta. Ren'Py, manhajar gina gem ɗin labari da ta fito tun 2004, ba a biyan ko kwabo kafin a yi amfani da ita. Da ita aka gina Doki Doki Literature Club na 2017, wanda ya yi suna a duniya, kodayake shi labarin ban tsoro ne da ya sa rigar soyayya. Ana rubutu a kwamfuta, a fitar da wasan domin Android, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Tana karɓar haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, muddin an zaɓi salon rubutun da ke da su. Twine kuma ya fi sauƙi ga wanda ke son gwada labari mai rassa da rubutu zalla. Rajistar mai ɗora manhaja a Play Store dala 25 ce, sau ɗaya.

A Dutsin-Ma akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta a jami'ar da aka kafa a 2011, akwai masu nazarin Hausa, akwai masu zane da waya, akwai marubutan da suka riga suka tara masu karatu. Labari mai babi biyar, masoya biyu, ƙarshe uku, wanda bai kai megabait 100 ba kuma yake buɗewa ko babu sabis, aiki ne da mutum uku ko huɗu za su iya ɗauka a hutun zango. Kalubalen da za su fuskanta sananne ne, domin shi marubutan intanet ke kuka da shi kullum: wanda ya saya ya tura wa mutum hamsin.

Kafin a sauke

Ga wanda ke son ci gaba da wasannin da ake da su, wasu matakai suna rage asara. A duba shekarun da aka rubuta a ƙarƙashin sunan manhaja, a kuma karanta sharhin masu tauraro biyu da uku, domin su suka fi faɗin gaskiya. A gwada kashe data bayan an buɗe wasan, a ga ko zai ci gaba. A shiga saitin Play Store a kunna neman lambar sirri ko zanen yatsa kafin kowace sayayya, musamman idan yara suna taɓa wayar. Manhajar Family Link ta Google tana ba iyaye da yayye damar taƙaita abin da ƙanana za su sauke.

A yi hattara da rajistar wata-wata da ake farawa da gwajin kyauta. Goge manhaja daga waya ba ya soke rajista, sai an shiga sashen biyan kuɗi na Play Store an soke ta da hannu, in ba haka ba za a ci gaba da cirar kuɗi. Idan an yi sayayya bisa kuskure, a nemi a mayar da kuɗin da wuri, domin Google ya fi sauraron buƙatar da aka shigar cikin sa'o'i 48.

Masu buga Romance Club sun san kamfanin yakan ware wasu ranaku da zaɓin lu'ulu'u ke zama kyauta, don haka mai haƙuri yana iya ajiye labarin da ya fi so sai ranar. A sauran manhajojin, dabarar da ta fi ita ce a bi labari ɗaya a lokaci guda, a tara lu'ulu'u domin masoyi ɗaya, a ƙyale tufafi. Wanda kuma ya ga ya fara saita ƙararrawar tsakar dare saboda hirar cikin gem, ko ya taɓa kuɗin rajistar zango domin sayen lu'ulu'u, ya goge manhajar na mako biyu ya ga yadda zai ji.